Ƙafar Alhaji Sada

Litinin, 7 ga Agusta 1989, biyar na yamma

Na karɓi aikin.

Hajiya Zulai matar Alhaji Sada ce ta zo da kanta jiya bayan mun taso daga coci. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce, "Maman Lucia, an dawo da Alhaji daga Ingila, an yi masa aikin zuciya. Likita ya ce sai da nas a kusa da shi. Na san abin da nake roƙo." Na ce mata shekara biyar rabona da farar riga, tun da aka rage ma'aikata. Ta ce hannu ba ya mantuwa.

Da direba suka turo da na kore shi. Amma ita ce ta zo. Ita ce ta riƙa aiko mini da masara a ƙarƙashin kayan wanki, a shekarar da ba mai amsa gaisuwata a Ikara. Na ce to.

Yau na shiga gidan. Na bi ta bayan masallaci, ban bi ta gaban sito ba.

Yana kwance a falonsa kan matasai uku. Ya rame, wuyansa kamar na figaggen zakara. Ɗinkin ƙirji ya bushe, ba ruwa. Ƙafar hagu ce abin dubawa. An tsaga ta daga idon sawu har sama da gwiwa, nan suka ciro jijiyar da suka yi wa zuciyar sabuwar hanya da ita. Ta kumbura, in na danna da yatsa ramin sai ya tsaya. Ba abin tsoro ba ne, haka take yi kafin jini ya saba da wasu hanyoyin.

"Zuciya na kai musu, suka yanka mini ƙafa," in ji shi. "Ke nas ce ko 'yar kallo?"

Ɗansu Uwaisu ya ba ni takardar likitan can, shafi biyu da Turanci, da safa mai matsi, da littafin makaranta da zan riƙa rubuta awon ƙafar kullum, ya duba in ya zo daga Kaduna ranar Lahadi. Ya ce, "Sista Bernice, Baba yana da wuyar sha'ani, sai kin yi haƙuri." Na ce na sani.

Na auna sha-raɓa da tef ɗin ɗinkina. Dama inci sha uku, hagu sha huɗu da rabi. Na rubuta a littafinsu. Wannan littafin nawa ne.

Talata, 8 ga Agusta, biyu na rana

Bai gane ni ba. "Ke, nas" yake kirana.

Akwai yadda ake sa safar nan: a naɗe ta, a fara daga yatsu, a bi da ita sannu sannu, a ɗaga ta in an zo kan ɗinki. Na iya. Na koya wa ɗalibai da yawa. Ban yi haka ba. Na ja ta gaba ɗaya. Ya yi ƙara har Hajiya ta yar da ludayi ta rugo. Na ce mata haka aikin yake. Safar ta zauna daidai, wannan kuma ba ƙarya ba ne.

Laraba, 9 ga Agusta, yamma

Sha huɗu da rabi. Ya jefi Hajiya da kwanon miya don ba gishiri. Likita ne ya hana gishirin. Ta tsince kwanon, ta ce masa sannu.

Juma'a, 11 ga Agusta, huɗu na yamma

Takarda ta ce ya yi tafiya sau huɗu a rana, in ya zauna a ɗora ƙafar ta fi ƙirji tsawo. Na sa shi sau biyar. Daga falo zuwa gindin darbejiya, taku ashirin da shida. Yana dogara sanda, yana zagi, gumi na zuba. A taku na goma yakan ce ya gaji. Nakan ce, "Saura sha shida, Alhaji." Ba na ɗaga murya. Ina tafe a bayansa ina ƙirgawa a fili.

Bayan an sauko daga masallaci mutane suka cika zaure. Ya ce a cire safar, a sa masa babbar riga, ba zai zauna gaban jama'a ƙafa a sama kamar mai jego ba. Na ce safa ba za ta fita ba. Ya ce, "A gidana?" Na ce, "A ƙafarka." Na sa aka kawo turmi aka kifa, na ɗora ƙafar a kai, a gaban liman da dillalan barkono da kowa. Sun yi ta sunkuyar da kai suna "Allah ya ƙara sauƙi." Na ga kunnuwansa suna rawa don fushi.

Na dawo gida na ci tuwo malmala biyu. Rabon da in ci biyu na manta.

Sha huɗu da kwata. Tana saɓewa. Aikina yana kyau.

Lahadi, 13 ga Agusta, uku na rana

Lucia ta zo daga Makarfi da goyonta. Labari ya kai mata a kasuwa. Ko ruwa ba ta sha ba.

"Mama, da gaske ne ƙafar mutumin nan kike wankewa?"

Na ce mara lafiya ne.

"Baba ma mara lafiya ne da aka sako shi. Wa ya wanke masa ƙafa? Ke kin manta, ni ban manta ba. Ina tsaye da kayan makaranta sojoji suka ɗora masa buhun shinkafa a ka, suka sa shi tsallen kwaɗo daga sito har bakin tasha. Shinkafar wa? Madarar wa? Sabulun wa aka ɓoye? Baba makulli kawai yake riƙewa. Mutumin nan ya tsaya da carbi a hannu ya ce shi bai san abin da yaronsa yake tarawa a sito ba."

Na ce ta rage murya, maƙwabta.

Ta ce, "Maƙwabtan da suka yi kallo?"

Ban manta ba. Na dai ce ba zan rubuta shi a nan ba, ga shi ta sa na rubuta.

Uwaisu ya duba littafi da safe, ya ji daɗi. Ya kawo mini gwangwanin madara biyu. Na ba Lucia don yaron. Ta bar su a kan tabarma ta tafi.

Talata, 15 ga Agusta, azahar

Sha huɗu cif.

Ina wanke ɗinkin ya ce, "Ke, nas, mijinki me yake yi?" Na ce ya rasu. Ya ce, "Allah Sarki. Me ya same shi?" Na ce tari. Ya ce tari mugun abu ne, ya juya ya nemi rediyo.

Hajiya tana bakin ƙofa da tire. Ta juya da shi ta koma kicin.

Laraba, 16 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Ya yi tafiyarsa a cikin falo, bango zuwa bango. Ya kai wa Hajiya sanda a gwiwar hannu don ta taɓa ƙafar da gefen zane. Shekara talatin da takwas tana gidan. Na shafa mata magani a kicin, ta ce, "Ciwo ne yake sa shi." Na ce kafin ciwon fa? Ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Ta zuba mini ɗanwake a kwano ta ce in kai gida.

Alhamis, 17 ga Agusta, shida na yamma

Zan rubuta yadda ya faɗa, ba ƙari.

Mun kai gindin darbejiya, ya zauna kan benci yana haki. Na durƙusa ina gyara safar. Sai ya ce, a hankali, kamar mai tambayar farashin tumatir:

"Matar Barnaba, hannunki ya fi na mijinki ƙarfi."

Ban ɗago ba.

"Kina tsammani ban gane ki ba? Tun ranar farko. Na ce bari in ga iyakar ki. Ja safa, ɗora ni kan turmi. Na gani." Ya yi tari, ya riƙe ƙirji. "Barnaba yaro ne mai amana, ban taɓa cewa ba shi da amana ba. Amma rago ne. Wata goma sha takwas ne fa kawai. Wasu sun yi shekara biyar sun fito da ƙafarsu suna noma. Da ni aka kama, gida nawa ne za su kwana da yunwa a garin nan? Shi kuwa ku uku ne. Ai lissafi ne. Ke mai ilimi ce, kin san lissafi."

Na ce, "Saura taku ashirin da shida, Alhaji, mu koma."

Ya yi dariya har ya yi hawaye. Ya ce shi ya sa yake son aiki da mutanenmu, ba ma fushi.

Na auna. Sha huɗu. Na rubuta. Na wanke hannu. Na yi wa Hajiya sai da safe.

Juma'a, 18 ga Agusta

Ban je ba.

Asabar, 19 ga Agusta

Ban je ba. Na share kabarin Barnaba, ciyawa ta rufe sunan.

Lahadi, 20 ga Agusta, biyar na yamma

A coci da aka zo addu'ar da muke yi tare, na tsallake layin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, na ci gaba a na gaba. Paulina da ke kusa da ni ta waigo.

Hajiya ta sake zuwa. Ta ce ta faɗa wa mutumin Kaduna zazzaɓi nake yi. Ba ta kiran sunan Uwaisu, ɗan fari ne. Ta ce, "Ban san abin da ya gaya miki ba, ba kuma zan tambaya ba. Ni na san bakinsa. Ki dawo don ni. In ba kya nan ni kaɗai ce a ɗakin da shi." Ta kama hannuna ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Na ce gobe.

Litinin, 21 ga Agusta, azahar

Na same shi ba safa. Kwana uku bai taka ko'ina ba sai bayi. Ya zuba mini ido yana jiran faɗa.

Na ce, "Safar tana damunka, Alhaji?" Ya ce kamar wuta. Na ce to a bar ta ta huta. Na ninke ta na sa a aljihun tebur. Ya ce tafiyar fa? Na ce in ya ji ƙarfi. Ya ce turmin fa? Na ce Alhaji ya fi ni sanin jikinsa.

Na wanke ɗinkin da ruwan ɗumi, a hankali, kamar na jariri. Ko uhm bai ce ba.

Ya ce wa Hajiya, "Kin gani? Kowane doki da linzaminsa."

Sha huɗu da rabi.

Talata, 22 ga Agusta

Hajiya ta ce gidan ya yi daɗi tun da na dawo. Ta ce Allah ya saka mini. Ya zauna a kujera tun hantsi har la'asar yana sauraron masu gaisuwa, ƙafa a ƙasa. Na kawo masa ruwa da kaina.

Laraba, 23 ga Agusta, bakwai na yamma

Ya ce zai je kasuwar Makarfi, mutane su gan shi da idonsu, don ana ta cewa ya mutu a Ingila an ɓoye. Daga can zai wuce Kudan ya ga gonar rake da ƙanwarsa Mero. Hajiya ta ce, "Maman Lucia, ki hana shi." Ya dube ni. Na ce iska tana da amfani ga mara lafiya.

Sun fita takwas na safe. Layin mai ya cinye musu awa uku. Sun dawo bayan la'asar. Usmanu direba ya ce bai sauka daga mota ba ko sau ɗaya, ta taga aka yi ta gaishe shi. Awa tara a naɗe a kujerar baya.

Ban ce komai ba. Ba a tambaye ni ba.

Alhamis, 24 ga Agusta, goma na safe

Sha biyar da rabi.

Ba irin kumburin da ba ne. Wancan mai laushi ne, mai sanyi. Wannan ya yi tauri, fatar tana ƙyalli, na sa bayan hannu na ji zafi. Ya ce ciwon ya bar ɗinki ya koma cikin nama, kamar an ɗaure masa igiya. Na tanƙwara tafin ƙafar sama, ya yi ƙara.

Na ga irin wannan sau uku a asibiti. Biyu an kai su Zariya a ranar, sun rayu.

Shafi na biyu na takardar, layi na huɗu. Na san shi da ka. A gidan nan ni kaɗai ke karanta Turanci in Uwaisu ba ya nan.

Na rubuta sha huɗu da rabi a littafinsu.

Juma'a, 25 ga Agusta

Sha shida. Na rubuta sha huɗu da rabi. Tafiyar mota ce, na ce musu, za ta saɓe.

Asabar, 26 ga Agusta, huɗu na yamma

Na shiga falo na ji warin man zafi tun daga ƙofa.

Hajiya tana zaune a ƙasa, ƙafar tana kan cinyarta. Ta haɗa man zafi da man kaɗanya a murfin kwano. Tana murza sha-raɓar da manyan yatsu biyu, daga ƙasa zuwa sama, da ƙarfinta duka. Goshinta ya jiƙe. Shi kuma ya lumshe ido.

Ta ce, "Jiya bai runtsa ba, na ce bari in gwada abin da muka sani. Haka ake yi, ko?"

Jinin da ya daskare a jijiya kamar ɗan dutse ne a bakin kwata. In an bar shi yana iya zama. In an tura shi sai ya tafi, kuma hanyar huhu take kai shi. Ɗalibar wata uku ta san wannan. Ba a murzawa. Ba a gasawa. Ba a ko taɓawa.

Na ce, "Yana jin daɗi?"

Ta ce, "Ya ce ya fi."

Na ce, "To."

Shi ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Shekara talatin da takwas, yau ta yi abin kirki guda." Hajiya ta sunkuyar da kai. Murmushi take yi. Na ga murmushin.

Na tsaya na kalla har ta gama.

Lahadi, 27 ga Agusta, yamma

Ban je coci ba, na ce ciwon kai.

Uwaisu ya zo a gaggauce, zai koma kafin sojojin hanya su fara tare motoci. Uban yana sanye da wando da doguwar riga, bargo a gwiwa. Ya duba littafi, layi bakwai duk sha huɗu da rabi. Ya ce, "Ta tsaya wuri ɗaya ke nan?" Na ce haka take yi kafin ta sauka. Ya ce safar fa? Uban ya ce, "Nas ta sallame ni." Uwaisu ya dube ni, na ce ana hutar da fata. Ya ce, "Ku kuka san aikinku."

Da ya ɗaga bargon nan da ya gani. Bai ɗaga ba. Ba a ɗaga wa Alhaji Sada bargo.

Sha shida da rabi.

Litinin, 28 ga Agusta

Safe da yamma take murzawa yanzu. Yatsunta sun yi ja.

Talata, 29 ga Agusta, biyu na rana

Na tashi da niyyar faɗa. Na rantse na tashi da ita. Na shirya maganar a hanya: Hajiya, a daina, a nemo mai, a tafi Zariya yau. Har na bi ta gaban sito ban lura ba.

Na same shi yana cin tuwon shinkafa da man shanu, yana cikin nishaɗi. Kumburin ya haura gwiwa. Ya ce, "Matar Barnaba, zo ki ji. In na warke zan buɗe sito in sa surukinki ya riƙe makulli. Na ji an ce shi ma mai amana ne." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, busasshen tari. Na ƙirga numfashinsa daga inda nake tsaye. Ashirin da takwas a minti.

Hajiya ta shigo da murfin kwanon. Na matsa mata ta wuce.

Laraba, 30 ga Agusta

Ya rasu.

Alhamis, 31 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Jiya wajen tara na safe. Hajiya ta gama murzawa, ta je wanke hannu. Ya miƙe zai shiga bayi, ya yi taku uku, ya dafa bango. Ya ce, "Iska." Leɓunansa suka yi toka-toka. Ya yi tari, jini ya fito kaɗan a gefen baki.

Na yi duk abin da ake yi. Wannan ina so a sani, ko da yake ba mai karanta littafin nan. Na zaunar da shi, na kwance masa wuya, na sa aka buɗe tagogi, na yi ihu a kawo mota. Ba mai a tanki, tafiyar Makarfi ta shanye. Usmanu ya zaga gari da galan kusan awa guda.

A mota kansa yana kan kafaɗata, don ni ce nas. Hajiya tana gaba tana salati. Ya riƙe mini hannu da ƙarfi. Yana kallona, bakinsa yana motsi, ba iskar da zai yi magana da ita. Ban san abin da yake so ya ce ba. Ban sunkuya na ji ba.

Kafin mu shiga Makarfi hannun ya saki. Na ce wa Usmanu ya juya. Hajiya ta ce a'a, a ci gaba, suma ce. Muka ci gaba har Zariya da gawa.

Uwaisu ya iso asibitin daga Kaduna. Likitan abokinsa ne. Ya ɗaga wandon, ya ga ƙafar, ya shinshina hannunsa. Ya ce, "Wa yake shafa wa ƙafar nan man zafi?" Hajiya ta ce, "Ni ce, likita. Safe da yamma nake murza masa." Da alfahari ta faɗa, don a san ba ta yi sakaci da mijinta ba.

Likitan ya ja Uwaisu gefe.

An binne shi bayan la'asar. Garin duka ya fita.

Juma'a, 1 ga Satumba

Na yi barci har rana ta fito. Na nemi abin da nake ji ban samu ba. Na dafa wake.

Asabar, 2 ga Satumba, biyar na yamma

Bayan addu'ar uku aka aiko in je ɗakin Hajiya. Tana zaune kan tabarma cikin kayan takaba. Mero, ƙanwar mamacin, tana bakin gado. Uwaisu yana tsaye, takardar likitan Ingila a hannu ɗaya, littafin awo a ɗaya.

Ya ce, "Sista Bernice, littafi ya ce sha huɗu da rabi har ranar Talata. Ƙafar da na gani a Zariya ta fi haka nesa."

Na ce irin wannan yakan tashi cikin awa kaɗan, musamman in an taɓa shi.

Ya karanta layi na huɗu da Turanci, ya fassara da Hausa. In ƙafa ta yi zafi ta yi tauri a tafi asibiti nan take. Kada a murza.

"Kin san wannan?"

"Na sani."

"Kin ga tana murzawa?"

"Sau ɗaya na gani."

"Kin faɗa mata ta daina?"

Mero ta daina jan carbi. Hajiya ta ɗago ta dube ni. Ba tsoro a idonta. Jira take in fitar da ita, kamar yadda ake jiran wanda aka sani.

Na tuna tsallen kwaɗo. Na tuna kakin da ke tsaye a kowace mararraba, da yadda ake ɗaukar mutum kan abin da bai kai wannan ba. Uwaisu yana da abokai a bariki. Ni ina da Lucia da jika.

Na ce, "Na faɗa."

Mero ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. "Ta kashe shi! An hana ta, ta kashe mini ɗan'uwa da hannunta!" Mata suka cika ƙofa. Uwaisu ya kau da kai daga uwarsa. Ya ninke takardar huɗu, ya sa a aljihu, ya fita.

Hajiya ba ta musa ba. Ta buɗe tafin hannuwanta tana kallo.

Litinin, 4 ga Satumba

A bakin rijiya an ce ta gaji da duka ne ta rama. A wajen niƙa an ce wani malami ne ya ba ta man. Paulina ta ce mini, "Ke dai kin yi aikin Allah, kin yi wa maƙiyinki jinya." Za su ambace ni a taron zumuntar mata.

Laraba, 6 ga Satumba, yamma

Uwaisu ya koma Kaduna bayan addu'ar bakwai. Usmanu ya ce bai shiga ya yi wa uwar sallama ba, daga tsakar gida ya ce "na tafi." Ya aiko mini da turmin atamfa da godiya.

Lucia ta zo. Ta rungume ni, ta ce Allah ba ya barci. Ta ga atamfar ta ce ta yi kyau. Na ce ta ɗauka. Wannan karon ta ɗauka.

Asabar, 9 ga Satumba

Masu zaman makoki sun watse. An ce ba mai shiga ɗakinta sai mai kai abinci, abincin ma yana dawowa.

Ba zan je ba.

Talata, 12 ga Satumba, takwas na dare

Na je.

Ɗakin ba haske, ta rufe taga. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Da ta gan ni ta gyara mini wuri a tabarma, ta ce in yi haƙuri ba ta da abin ba ni sai ruwa. Muka gaisa. Ta tambayi Lucia da yaron. Ta tambayi ko rufin ɗakina yana zuba har yanzu.

Sannan ta matso, ta rage murya.

"Maman Lucia, don Allah ki taimake ni da abu ɗaya. Kwana goma ina nema a kaina. Na bi ranakun nan ɗaya bayan ɗaya, na tuna abin da na dafa, na tuna zanen da na ɗaura. Na tuna kin shigo kin ce yana jin daɗi, na ce ya fi. Amma inda kika ce in daina, na neme shi na rasa. Na san kin faɗa, ke ba kya ƙarya. Kaina ne ya lalace. Ko ina jin daɗin ya yabe ni ne har kunnena ya toshe." Ta share ido da bakin mayafi. "Ki tuna mini ranar kawai. In na san ranar, wataƙila in tuna, in san abin da zan roƙi gafara a kai."

Ta riƙe hannuna. Yatsun nan biyu har yanzu fatarsu tana saɓa.

A waje ana kiran sallar magariba. Ba kowa a ɗakin sai mu biyu. Ba Mero, ba Uwaisu, ba soja.

Na ce, "Ranar Talata ce, Hajiya. A kicin."

Ta dubi ƙasa. Ta gyaɗa kai a hankali.

Ta ce, "A kicin. Na gode."